Amsa: ɗan shekara 6 da lissafin aji ya yi masa kaɗan

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya raya mana shi. Kin ce yaronki ya cinye littafin lissafin ajinsu tun zangon farko, yanzu sai ƙiriniya, me za ki ba shi a gida. Ni dai kar ki tula masa littafin aji uku, na gwada da tawa 'yar sai ta koma hadda kawai ba ta san dalili ba. Ki ba shi tambaya ɗaya mai wuya ya kwana da ita. Misali ya tara 1 zuwa 100, ranar da ya gano da kansa 1 da 100, 2 da 99 duk 101 suke bayarwa har sau 50, wato 5050, wallahi za ki sha tsalle da ihu. Mu da ƙwayar wake muke yi a kan tabarma, ko an ɗauke wuta ba ruwanmu, kuma in za ni Kasuwar Barci 'yata ke lissafa min canji. Dara ma tana buɗe kai, in kakansa ya iya.

A waya akwai manhajar koyon karatu ta Khan Academy kyauta, sai dai cin data. Shafin lissafi na NRICH na jami'ar Kambirij ya fi tambayoyin tunani amma Turanci ne zalla, sai kin zauna kusa da shi. In ya kai aji shida ki sa ido kan jarrabawar shiga makarantar masu hazaƙa ta tarayya da ke Suleja, NECO ke shiryawa.