Shin mai cutar MS dole ne ya ƙare a keken guragu?

Kin ce an gano ƙanwarki tana da MS, cutar da garkuwar jiki ke cinye rufin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, kina tsoron ko za ta daina tafiya. Ba dole ba ne, 'yar'uwa. Kusan kashi 85 cikin ɗari suna farawa da nau'in da ke tasowa ya lafa. Likitoci na auna naƙasa da ma'aunin EDSS, daga 0 zuwa 10: a mataki na 6 ake buƙatar sanda don tafiyar mita 100, a na 7 keke. Ba a cewa cutar ta ci gaba sai raunin ya zauna wata uku zuwa shida.

Idan ta taso, ana ɗura methylprednisolone, maganin rage kumburi, gram ɗaya kullum, kwana 3 zuwa 5. Yana gaggauta sauƙi, amma ba ya hana naƙasar gaba. Masu rage tasowarta su ne irin ocrelizumab, da ake ɗurawa duk wata shida, kuma fara su da wuri ya fi amfani ƙwarai. A gwada ciwon hanta nau'in B tukuna, don maganin na iya tayar da shi.

Zafin rana ko ciwon sanyin fitsari kan dawo da tsoffin alamomi na ɗan lokaci, sai a ɗauka sabon tashi ne. Don haka idan alamomi suka dawo, a fara gwada fitsarinta kafin a ɗura methylprednisolone.