Amsa: Me ya sa ajin manya ke mutuwa idan aka gyara tallafin koyon sana'a?

Malam, tambayarka ita ce: in gwamnati ta ce ta ƙara kuɗin koyon sana'a, me ya sa azuzuwan manya na unguwa suke rufewa?

Sirrin yana cikin yadda ake rabon kuɗin. A da a kan bai wa cibiya kasonta dunƙule, ta tsara abin da jama'arta ke buƙata. Bayan gyara, sai kuɗi ya koma bin kan ɗalibi, kuma sai kwas ɗin da ke ƙarewa da takardar shaida. To, dattijon da ya zo da yamma don ya iya karanta takardar magani da kansa, ko uwar da ke koyon kunna kwamfuta, wace shaida za su nuna? A lissafin gwamnati ba su da lamba.

Ƙasar New Zealand ma a 2009 ta yanke shawarar zabtare kusan kashi 80 cikin ɗari na tallafin azuzuwan dare a makarantu. Da yawa suka rufe.

Ni dai ban ƙi shaida ba. Amma wanda ya bar makaranta shekara ashirin, da ƙaramin aji yake fara cire kunya kafin ya tunkari babban kwas.