Likita Na Amsa: Gubar Batir, Hayaƙin Janareta Da Ruwa Mai Warin Fetur

Assalamu alaikum jama'ar Legas. Ga amsoshin tambayoyin da kuka aiko. Wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri, tana tafe in Allah Ya so.

Tambaya: Likita, ina sayar da abinci a Mile 12. Gandar da ake babbakewa da tayar mota tana da illa?

Amsa: Tana da illa, Hajiya. Hayaƙin taya yana barin sinadarai masu iya jawo ciwon daji a jikin fatar, kankarewa da wanki kuma ba sa fitar da su duka. Ki nemi wadda aka babbake da itace ko gas. In kin ji tana warin roba, ki bar wa mai ita kayarsa.

Tambaya: Gidan haya muke a Agege. Maigidana yana kunna janareta a lungun da ke bakin ƙofarmu saboda ɓarayi. Kusan kullum ni da yara muna tashi da ciwon kai da jiri. Maƙwabciyata ta ce aljanu ne, mu riƙa yin hayaƙi.

Amsa: Baiwar Allah, hayaƙi ne ya kwantar da ku, ta yaya kuma za a ƙara muku wani? Janareta yana fitar da guba mai suna kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau sama da 200, sai ƙwaƙwalwa da zuciya su rasa iskar da suke buƙata. Da ciwon kai da jiri take farawa, sai tashin zuciya da mutuwar jiki, sai barci mai nauyin da wasu ba sa tashi daga shi. In kin ji labarin an wayi gari iyali guda sun rasu a ɗaki ana zargin abinci ko sammu, sau da yawa janareta ne a lungu.

Tun daren yau a fitar da shi fili, kamar mita 6 daga ƙofa da taga, bakin salansa ya ba ɗakuna baya. Na san yadda gidajenmu suke a matse. A yi masa keji na ƙarfe a waje a sa kwaɗo, ko a kashe shi kafin a kwanta. Buɗe taga kawai bai wadatar ba. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki ma guba ɗaya yake fitarwa. In wani ya ƙi farkawa ko ya ruɗe, a fito da shi sarari, a kira lambar gaggawa 112 ko 767, a nufi asibiti, oksijin yake buƙata. Ke ma ki kwashi yaran ku je a duba ku, balle in kina da juna biyu.

Tambaya: Likita, sana'ata gwangwan ce a wajen Ojota. Muna fasa tsofaffin batiran mota da na sola mu cire dalmar mu sayar, wani lokaci mu narka ta. A tsakar gida nake tara kayan. Ɗana mai shekara 2 yana yawan ciwon ciki, ya daina cin abinci, makon jiya har jijjiga ya yi. Ni kullum ina shan madarar gwangwani bayan aiki don ta wanke dattin, shi ma ina ba shi. Me zan ƙara?

Amsa: Malam, tambayarka ce ta fi tayar mini da hankali. Yau ɗin nan ka kai yaron asibiti. Ka faɗa wa likita sana'arka da bakinka, ka nemi a auna dalma a jininsa. In ka yi shiru, ana iya yi masa maganin zazzaɓin cizon sauro a sallame ku, domin alamun suna kama da juna. Ba kowane asibiti ke yin gwajin ba. In babu a inda kuka je, su ba ku takardar zuwa babban asibitin koyarwa, LASUTH a Ikeja ko LUTH a Idi-Araba.

Maganar madara kuwa, na ji ta har na gaji, daga bakin masu walda, masu fenti, da masu ƙona waya don cire jan ƙarfe. Madara abinci ce mai kyau, amma ba ta wanke dalma. Dalma ba a ciki take tsayawa ba balle a kora ta da wani abu. Jini take shiga, ta wuce ƙwaƙwalwa da ƙoda, sauran ta kwanta a ƙashi tsawon shekaru. Illar wannan camfi ita ce mutum ya sha gwangwani guda, hankalinsa ya kwanta, gobe ya koma fasa batir da hannu tsirara.

Mu 'yan Arewa bai kamata a ba mu labarin dalma ba. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, yara sama da 400 suka rasu. Iyayensu ba guba suka ba su ba. Duwatsun zinariya suke kawowa gida suna daka su a tsakar gida, duwatsun kuma cike da dalma. Ƙurar ta sauka a ƙasa, yara suna rarrafe suna kai hannu baki. Sai da aka kankare ƙasar gidaje a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega aka zuba sabuwa, sannan magani ya yi amfani. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Tsakar gidanka a yanzu hanyar da ta bi ke nan, bambancin kawai taka dalmar daga batir take fitowa.

Jikin yaro yana zuƙar dalma fiye da na babba, kuma babu wani ɗan ƙaramin adadi da za a ce ba ya cutarwa. Yaron da ya tsira ma yana iya tashi da wahalar karatu, a yi ta dukansa a makaranta ana cewa daƙiƙi ne, alhali guba ce ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. In matarka na da ciki, dalmar tana ratsawa har wurin ɗan tayi. Kai kanka tana jawo maka hawan jini, ciwon ƙoda, ƙarancin jini da raunin haihuwa. Saboda haka dukkan mutanen gidan za a gwada, har da yaran maƙwabta da ke wasa a wurin.

Akwai maganin da ke ɗaure dalma ya fitar da ita ta fitsari, amma likita ne ke bayar da shi bayan gwaji, kuma aikin banza ne in yaron zai koma cikin ƙurar da ya fito. Ba zan ce ka bar neman abincinka ba. Abin da nake roƙo shi ne ka kwashe kayan daga gida gaba ɗaya, ka daina fasawa da narkawa, ka sayar da batir a rufe yadda ka same shi ko da ribar ta ragu. Kayan aiki da takalmi su tsaya a wurin aiki, ka yi wanka kafin ka ɗauki yaro, kada a haɗa wankin kayanka da nasu. Tsakar gidan a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, shara da tsintsiya tayar da ƙurar take yi. Ka kuma gaya wa uwarsa ta daina sa masa kwalli, domin kwallin dutse da yawa dalma ce.

In ya sake jijjiga, a kwantar da shi ta gefe ɗaya a tafi asibiti. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a kara ƙafarsa a wuta, kuma don Allah kada a karɓi haɗin fitsarin saniya daga hannun kowa, ya kashe yara da yawa. Addu'a a yi ta a kan hanya. Ina sake faɗa maka, yau za ka kai shi, ba sai ka tara kuɗi ba.

Tambaya: Rijiyar burtsatsen gidanmu a wajen Ipaja tana warin fetur. In na tafasa ruwan zai shawu?

Amsa: Ba zai shawu ba, tafasawa ma tururin fetur za ta cika miki ɗaki da shi. Mutanen unguwar Baruwa da ke nan Ipaja sun shafe shekaru suna fama da wannan saboda yoyon bututun mai. Kada a sha, kada a yi girki ko wanka da shi, kada a kunna ashana kusa da bakin rijiyar. Ku kai rahoto hukumar kare muhalli ta jihar Legas, wato LASEPA, ki kuma tambayi mai garuwanki inda yake ɗebo nasa.

Tambaya: 'Yata ta sha kananzir da ke cikin robar lemo. Na ɗura mata manja ta yi amai. Shi ke nan?

Amsa: Haba Hajiya! Aman nan shi ne haɗarin, don shi ke tura kananzir cikin huhu. Ba a ba da manja, ba a ba da madara, ba a sa yatsa a maƙogwaro. Ki kai ta asibiti yanzu ko da tana wasa, domin tari da sarƙewar numfashi kan zo bayan sa'o'i. Daga yau kada kananzir ko maganin ƙwari su sake zama a robar abin sha.

Tambaya: Ƙanena ya ƙone a hannu wajen kwasar mai da tanka ta faɗi. Mun shafa makilin da ɗanyen ƙwai.

Amsa: Ku wanke su da ruwa mai tsabta, ku rufe wurin da tsumma mai tsabta, ku kai shi asibiti yau. Babban asibitin Gbagada yana da sashen masu ƙuna. Ƙuna ruwan famfo take so na minti 20 tun da farko, ban da ƙanƙara, gishiri da baƙin mai. Kuma ka ja masa kunne sosai. A Abule Egba, ranar 26 ga Disamba 2006, mutum sama da 200 suka ƙone wajen ɗibar mai a fasasshen bututu. A Majiya ta jihar Jigawa, Oktoban 2024, sama da 150 suka tafi a kan tanka guda. Tururin fetur yana bin ƙasa ya yi nisa, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. In ya sake ganin tanka a kwance, ya juya ya yi nisa da ita sannan ya kira 112.