Wa ya ƙirƙiro talabijin?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai gyaran talabijin ne a Daura. Gardama ta kaure a shagona: yarona ya ce Ba'amurke ne ya ƙirƙiro talabijin, ni kuwa na ji an ce ɗan Sikotland ne. A raba mana gardama.

AMSA: Wa alaikumus salam. Kai da yaron naka kowa ya riƙo gefen gaskiya, amma naka gefen ya fi nauyi.

Mutumin da ka ji labari shi ne John Logie Baird, an haife shi a garin Helensburgh na Sikotland a 1888, ɗan limamin coci. Tun yana ƙarami rashin lafiya ke damunsa, shi ya sa soja ba su ɗauke shi ba a yaƙin duniya na farko. Ya sayar da safa, ya je har Tirinidad neman kuɗi, bai dace ba. A 1923 ya tare a garin Hastings na Ingila, ba kuɗi ba lafiya, ya shiga haɗa na'ura da tsohon akwatin shayi, kwalin hula, allurar saƙa, gilashin fitilar keke da gam. Wata rana wutar lantarki mai ƙarfin bolt 1,000 ta ja shi, mai gidan haya ya ce ya tattara komatsansa.

Tunda sana'arka ce, ga yadda take aiki. Faifai ne mai huji-huji a jere, dabarar Bajamushe Paul Nipkow ta 1884. Idan yana juyawa, kowane huji sai ya yanko siririn layi ɗaya na hoton, a mayar da haskensa siginar lantarki, wani faifan a can gefe ya sake harhaɗa shi. Layuka 30 kacal, hoton ɗan mitsitsi, yana rawa. A 2 ga Oktoba 1925 ya fito da fuskar 'yar tsana, sai ya ruga ya jawo wani yaron ofis, William Taynton, ya zaunar da shi gaban fitilu masu zafi. A 26 ga Janairu 1926 ya nuna wa masana a Landan. A 1928 ya tura hoto har Amurka.

Inda yaronka ke da hujja: na'urar Baird ba ita ce kakar wadda kake kwancewa ba. Ba'amurke Philo Farnsworth ya yi gwajin mai aiki da lantarki zalla a 1927, ba faifai mai juyawa. A 1936 BBC ta gwada tsarin Baird mai layi 240 da na kamfanin Marconi-EMI mai 405, ta ajiye na Baird a farkon 1937, bayan gobara ta cinye ɗakin gwajinsa. Wannan wurin yana taɓa mini zuciya ƙwarai, domin mutumin bai karaya ba, ya ci gaba da aikin talabijin mai launi har ya rasu a 1946.

A ganina shi ne na farko, don shi ya fara nuna wa jama'a fuskar mutum tana motsi. Mu kuwa a Najeriya sai 1959 ta iso Ibadan, Kaduna kuma 1962. A gaida yaron shago.