Tambaya da Amsa: Jamini Roy da fentin ƙwallon tsamiya

Tambaya: Assalamu alaikum. Malaminmu ya ambaci wani mai zane ɗan Indiya, Jamini Roy, wai ya bar fentin Turawa ya koma haɗa nasa da ƙasa da tsamiya. Wane ne shi, kuma yaya ake wannan haɗi? Daga wani ɗalibin zane, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. An haifi Jamini Roy a 1887 a ƙauyen Beliatore, gundumar Bankura ta yankin Bengal, lokacin Ingila ke mulkin Indiya. Yana ɗan shekara 16 ya tafi makarantar zane ta gwamnati a Kalkata, inda ake koyar da fentin mai irin na Turai, ya kuma daɗe yana cin abinci da zanen fuskokin masu hali. A shekarun 1920 ya juya wa wannan sana'a baya, ya koma bin sawun masu zanen gargajiya da ke sayar wa maziyarta hotuna masu araha a bakin wurin bautar Kalighat: layi mai kauri da ake ja da jan burushi ɗaya, launi shimfiɗe ba inuwa, idanu dogaye kamar kifi. Uwa da ɗanta, matan ƙabilar Santal, kyanwa da jatan lande a baki, su ya yi ta maimaitawa har ya rasu a 1972.

A ganinmu, barin fentin kanti ne ya gyara masa hannu. Launukansa 'yan kaɗan ne, kuma yawancinsu na gida: baƙi daga hayaƙin fitila, fari daga alli, ja da rawaya daga ƙasa, shuɗi daga baba. Wanda ya taɓa haɗa tawadar allo da ƙaro ya san rabin aikin.

Ga yadda za ka yi mannin ƙwallon tsamiya da ke riƙe launi a takarda, malam. Ka soya ƙwallon tsamiya sama-sama har ɓawon ya tsage, ka daka ka sheƙe, ka jiƙa farin cikin ya kwana. Washegari ka niƙa shi lukui, ka sa ludayi ɗaya cikin ludayi goma na ruwa, ka dafa a wuta kaɗan kana motsawa har ya yi kamar kunu mai ruwa-ruwa. Ka tace da ƙyalle.

Ita ƙasa sai an wanke ta: ka dama cikin ruwa, ka bar yashi ya kwanta, ka tsiyaye ruwan saman a wani kwano. Abin da ya kwanta a nan shi ne launinka.

Wurin gaurayawa ake yawan faɗuwa. Manni ya yi yawa, fenti ya tsattsage in ya bushe. Ya yi kaɗan, ya biyo yatsa kamar hoda. Don haka ka gwada a gefen takarda, ka bari ya bushe, ka goga kafin ka taɓa aikinka. Baƙin fitila kuwa yana da maiƙo, bisa ruwa yake yawo, sai ka fara murza shi da ɗigon manni tukuna. Kada ka dafa da yawa, domin da zafi kwana biyu ya isa ya yi tsami, ya sa takarda fumfuna.