Abin da ya sa manhajar toshe talla ta tsaya, injin bincike kuma ya canza

Tambaya: Malam, ina amfani da Chrome a kwamfutata. Tun da ya sabunta kansa, ƙaramar manhajar da na maƙala masa don toshe talla ta daina aiki, kuma yanzu duk abin da na rubuta don bincike sai ya kai ni wani shafin da ban sani ba maimakon Google. Shin in hana shi sabuntawa ne, ko in koma tsohon samfuri?

Amsa: Malam, matsaloli biyu ne ka kawo, kuma ko da yake sun bayyana a lokaci guda, tushensu daban ne. Ta farko sauyi ne da kamfanin ya yi da gangan, ta biyu kuwa alama ce ta cewa wani abu ya shigo burauzarka ba da saninka ba, kuma ita ce ta fi tayar mini da hankali.

Kowace ƙaramar manhaja da ake maƙala wa burauza tana aiki ne bisa wasu ƙa'idoji da suka fayyace abin da aka yarda ta taɓa. Google ya fito da sabon tsarin ƙa'idoji mai suna Manifest V3, wanda Chrome ya fara karɓa a watan Janairun 2021, sannan daga watan Yunin 2024 ya soma kashe manhajojin da suka tsaya a kan tsohon tsari. A da, manhajar toshe talla takan tsaya kamar mai gadin ƙofa, ta duba duk abin da shafi ya nemi ɗaukowa, ta yanke hukunci nan take. Yanzu kuwa dole ta miƙa wa burauza jerin dokokinta tun da farko, burauzar ce za ta zartar, kuma an ƙayyade yawan dokokin. Wannan ne ya tsayar da manhajar toshe talla mai suna uBlock Origin a kan Chrome, har mai ita, Raymond Hill, ya fitar da wata mai sauƙi da ya kira uBlock Origin Lite. Google ya ce tsaro da sauri ne dalilinsa, kuma akwai gaskiya a ciki, domin manhajar da ke ganin duk zirga-zirgarka tana iya cutar da kai. Sai dai ba za a zargi masu shakka ba, tunda mafi yawan kuɗin shigar kamfanin daga talla yake fitowa.

Ba Chrome ne ya fara irin wannan ba. Firefox ma, wanda shi ma burauza ne, ya watsar da tsohon tsarinsa a Nuwamban 2017, lokacin da samfuri na 57 ya fito.

Game da injin bincike, ba al'adar sabuntawa ba ce ta ɗauke ka daga Google ta kai ka shafin da ba ka sani ba. Abin da ya fi faruwa shi ne, mutum ya rasa mai toshe masa talla, ya yi gaggawar neman madadinta, ya faɗa kan wata mai kama da ita a suna, ya amince da duk izinin da ta nema ba tare da ya karanta ba. Wani lokaci kuma tsohuwar manhajar da ka amince da ita ce aka sayar wa wani, sabon mai ita ya cusa mata mugun abu. Haka ya faru da wata ƙaramar manhajar Chrome mai suna The Great Suspender, wadda Google ya cire a Fabrairun 2021 alhali tana da masu amfani sama da miliyan 2. Dalilin wannan kwaɗayi kuwa kuɗi ne, domin duk wanda bincikenka ya bi ta hannunsa yana samun rabo daga talla. Shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google ta bayyana cewa a 2022 kaɗai ya biya Apple dala biliyan 20 don ya zama injin binciken farko a Safari, burauzar Apple.

Ka rubuta chrome://extensions a wurin adireshi, ka cire duk wadda ba ka tuna ka saka ba, sauran kuma ka kashe su ɗaya bayan ɗaya kana gwada bincike har ka gano mai laifin. Daga nan ka shiga chrome://settings/search ka zaɓi injin da kake so, ko Google, ko Bing, ko DuckDuckGo, ka goge baƙon. Idan ka tarar wurin zaɓin a kulle, kuma kwamfutar taka ce ba ta wurin aiki ba, to ka duba chrome://policy, domin wata manhaja da ke cikin kwamfutar ce ta kafa wa burauzar doka. Sai ka cire ta, ka bincike na'urar da manhajar kariya, in ba haka ba matsalar za ta dawo.

Amma hana sabuntawa, ina roƙonka kada ka yi. Kusan kowace sabuntawa tana toshe ramukan tsaro ne, wasunsu ma ɓarayin intanet sun riga sun fara amfani da su, kuma a wannan burauzar kake shigar da kalmomin sirrinka. Idan uBlock Origin Lite ta wadatar da kai, ka zauna a Chrome. Idan kuma cikakkiyar kake buƙata, ka koma Firefox, wanda ke karɓar tsohon tsarin da sabon duka, ka ɗauko ta kai tsaye daga rumbun Mozilla, masu Firefox. Wanda ba ya son yawan canji yana iya ɗaukar Firefox ESR, wanda manyan sauye-sauye ke zuwar masa kusan sau ɗaya a shekara, gyaran tsaro kuwa yana isowa a kan kari.