Ƙwallona Tana Lanƙwashewa Hagu, Ina Gyaran Yake?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan da na fara wasan golf, kuma da hannun dama nake bugu. Tun bayan ɗaukewar damina, duk lokacin da na buga da doguwar sanda sai ƙwallon ta tashi kamar za ta miƙe, sannan ta lanƙwashe hagu da ƙarfi ta faɗa cikin ciyawa. Na koma ina saita jikina dama domin in rage ɓarnar, amma abin sai ƙaruwa yake yi. Malam, ina gyaran yake?
Daga wani mai karatu a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam. Wannan ita ce matsalar da 'yan wasa ke kira huk, kuma asalinta guda ne: a daidai lokacin da sanda ta taɓa ƙwallo, fuskar sandar tana kallon hagu fiye da hanyar da kan sandar yake bi, shi ya sa ƙwallon take juyawa ta karkata. Saita jiki dama da kake yi ƙari ne a kan ciwon, domin yana sa sandar ta ƙara fitowa daga ciki zuwa waje, wato daga kusa da jikinka ta nufi dama, tazarar da ke tsakanin fuska da hanya ta ƙara faɗi. Ga shi kuma yanzu ƙasa ta bushe ta yi tauri, ƙwallon huk kuwa ba ta tashi sama sosai, sai ta yi ta gangarawa bayan ta sauka, ta kai inda da damina ba za ta kai ba.

Ni a ganina, ka fara da riƙon sanda kafin ka taɓa komai. Ka tsaya kamar za ka buga, ka dubi bayan hannunka na hagu. Idan kana ganin gaɓoɓin yatsu uku ko huɗu, hannayenka sun juya dama da yawa, kuma idan sun dawo yadda suka saba wajen bugu, dole su rufe fuskar sandar. Ka juya su hagu kaɗan har ka riƙa ganin gaɓoɓi biyu, kuma kada tafin hannun dama ya shige ƙarƙashin sandar yana kallon sama. Sabon riƙon zai yi maka banbaraƙwai a kwanakin farko, har ƙwallon ta riƙa kauce maka dama, to kada wannan ya sa ka koma gidan jiya.

Shahararren ɗan wasan golf Ben Hogan na Amurka ya sha fama da wannan cuta shekara da shekaru a farkon wasansa, sai da ya sassauta riƙon hannunsa na hagu ya kuma gyara yadda wuyan hannun yake lanƙwasa idan sanda ta kai sama, sannan ya samu kansa. Daga baya ya ci manyan gasa 9, uku daga cikinsu a shekarar 1953 kaɗai.

Abu na biyu shi ne ƙugu. Mai tsoron hagu yakan tsayar da jikinsa kafin sanda ta iso ƙwallo, sai hannaye su wuce su kaɗai su murɗe fuskar. Ka ci gaba da juya ƙugu da ƙirji har ka ƙare bugun nauyinka yana kan ƙafar hagu, maɓallin bel ɗinka yana fuskantar inda kake nufi. Ka kuma duba wurin ajiye ƙwallo, wanda ga doguwar sanda daidai cikin diddigen hagu ne.

A filin atisaye, ka ajiye doguwar sandar tukuna ka ɗauki sandar ƙarfe mai lamba 7, wadda ba ta kai ta tsawo ba. Ka shimfiɗa wata sanda a ƙasa tana nuna inda kake so, ka jera ƙafafu da kafaɗu da ita, ka yi ta bugu da rabin ƙarfi. Idan ƙwallo goma a jere sun miƙe, sai ka koma ga doguwar. Idan kuma bayan makonni uku abin bai sauya ba, ka sa a ɗauke ka bidiyo da waya daga bayanka, ka kai wa mai koyarwa na kulob ɗinku ya duba.